FILIN MALAM: Wutar da ke Kwance a Bayan Mayanka

A wannan karo ina so mu tattauna a kan abin da kowa ke toshe hanci in ya zo giftawa ta kusa da shi, wato jujin bayan mayanka, da kashin shanun da ke zube a kasuwar dabbobi, da tulin ɓuntun da ke bakin injin shinkafa. Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne gawayi. Duk magidancin da ke ba da kuɗin cefane a Salaga ko Yendi ko Bawku ya san yadda kuɗin wuta ke gogayya da kuɗin miya, ba sai na kawo masa lissafi ba.

Gawayin nan da muke zubawa a kurfoti, kafin a sami kilo 1 ta hanyar turbuɗe itace da ƙasa irin yadda ake yi a dazuzzukanmu, sai an ƙone itace kilo 5 zuwa 10. Kuma masu sana'ar sun fi son itace mai nauyi, shi ya sa gatari ke yawan sauka a kan kaɗanya, itaciyar da iyayenmu mata ke samun kuɗin makarantar yara daga gare ta. A 2021 majalisar sarakunan Jihar Savannah, inda Salaga take, ta sanar da hana ƙona gawayi don fatauci, saboda yadda manyan motoci ke kwashe dajin Gwanja zuwa Kumasi da Ankara. Sarakuna sun yi abin da ya dace da su. Sai dai hani ba ya dafa tuwo. Mai sayar da koko da ƙosai tilas ta hura wuta da asuba, ko da doka ko babu. Tukunyar gas ta kanti kuwa, wadda gwamnati ke ta yekuwar a rungume ta tun wajen 1990, tana da kyau ga mai albashi, amma wadda ke sayen gawayin yini ɗaya a leda ba ta da kuɗin cika tukunya a dunƙule. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutane wajen miliyan 3.2 ne suka mutu a duniya sanadiyyar hayaƙin da ake shaƙa a cikin gida, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa.

To, akwai wata iskar gas da ba a sayowa a gidan mai, ita ce wadda ake kira bayogas. Ba sabon abu ba ne, a Indiya da Sin miliyoyin gidaje na girki da ita tun shekaru da dama. Yadda take samuwa shi ne, a gina rami da bulo da siminti, a yi masa rufi kamar kifaffiyar ƙwarya yadda iska ba za ta shiga ba, a riƙa dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida ana zubawa ta wata kafa. A cikin duhun nan akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya, su ke cinye damun su fitar da iska. Fiye da rabin iskar nan wadda ake kira mesen ce, ita ce ke kamawa da wuta shuɗiya marar hayaƙi. Sai a jawo ta da bututu zuwa murhu. Abin da ya saura bayan kwana 30 zuwa 60 yakan malalo ta ɗaya kafar, warinsa ya ragu ƙwarai, kuma taki ne mai kyau. Halittun nan zafi suke so, sun fi aiki a ma'aunin 30 zuwa 37, wato abin da Bature ke kashe kuɗi yana ɗumamawa mu Allah Ya ba mu shi kyauta, in ban da 'yan dararen hunturu da aikin kan ɗan yi sanyi.

Na taɓa gwada wa ɗalibaina da durom guda da tiyo da tsohon tub na mota. Mako na farko babu komai sai dariyar yara. A mako na uku tub ya kumbura, muka saki iskar farko ta tafi don ba ta da kyau, da ya sake cika muka kunna, har muka tafasa ruwan shayi. Duk malamin kimiyya na ƙaramar sakandare zai iya yin wannan, in dai zai tsaya a kai da kansa, kuma a fili za a yi ba a cikin aji ba.

Amma bari mu ɗauko alli mu yi lissafi, don a nan ne masu zaƙin baki kan yi tsallake. Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da iska wajen lita 40. Murhu mai kai ɗaya yana cin lita 300 zuwa 400 a awa. Gidan da ke girki na awa huɗu a yini yana bukatar wajen lita 1,500, wato kashi kilo 40 da ruwa lita 40, kusan cikin jarkar nan rawaya biyu da muke kira galan ɗin Kufuor. Saniyar da ke ɗaure a turke dare da rana takan ba da kamar kilo 10. Shanu huɗu ke nan. In kuwa kiwo suke fita, na dare kaɗai za ka samu, sai ka nemi takwas. Kuma kullum ne, ba ranar Juma'a ba ranar Sallah. Yanzu mai karatu ya duba unguwarsu, gida nawa ne a cikin Zango ke da shanu huɗu a turke? A Yendi kuma, inda kogin Daka kan ja baya da rani har mata su kwana a layin famfo, wa zai zuba jarka biyu a rami kowace safiya?

Wannan tambaya ita ta kayar da yawancin ayyukan da aka yi a ƙasar nan. Tun a 1987 Hukumar UNICEF ta taimaka aka gina irin wannan rami na gida a Jisonayili, wadda yanzu ta zama unguwa a Tamale. A 1992 Ma'aikatar Makamashi ta ƙaddamar da babban aiki a ƙauyen Appolonia, can kusa da Ankara, inda aka gina ramuka goma don a ba ƙauyen lantarki da iskar girki daga kashin shanu da na masai. An yi biki, an ɗauki hoto, fitilu sun kama. Daga baya sai ya zamana garken shanu na nesa da ramukan, shanun kuma yawo suke yi, ɗauko kashin ya zama jidali, wasu kuma suka ƙyamaci girki da iskar da ta fito daga bayan gida. Aka koma dogara da man dizal, aikin ya yi ta ja da baya. A 2010 wasu masana biyu, Edem Bensah da Abeeku Brew-Hammond, suka wallafa binciken da suka yi a kan irin waɗannan ramuka guda 50 a Ghana, suka tarar 22 ne kaɗai ke aiki yadda ya kamata. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ni a ganina darasin a fili yake. Siminti da bututu ba su ne wahalar ba. Wahalar ita ce wane ne zai kawo kayan kullum, daga ina, kuma me zai samu a kai. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, waɗanda 'yan kasuwar Bawku ke shiga ƙasarsu ta Kulungugu, sun kama wannan hanya da kyau. Sun kafa shiri na ƙasa a 2009 tare da ƙungiyoyin SNV da Hivos na ƙasar Holan, suka horar da magina 'yan ƙasa, suka ce ba za a gina wa mutum ba sai yana da dabbobi a gida da ruwa kusa, kuma sai ya sa nasa kuɗin da ƙarfinsa, gwamnati ta cika masa. Sun gina fiye da 10,000. Abin lura shi ne manoma da dama a can sun fi ɗaukaka takin da ke fitowa a kan iskar kanta. Wanda ya zuba guminsa a rami ba ya barin ramin da yunwa.

Wannan tsari zai yi wa manomin karkarar Bawku daidai, mai shanun huɗa biyu ko huɗu da 'yan tumaki. A ƙasar Kusasi mutane sun yi yawa, itace ya yi ƙaranci, don haka in an gama girbi karan gero da na dawa gida ake kwaso su a yi girki da su, a yi danga, a ba dabbobi ganyen, tokar ma a tace ta a sa a miya. Duk wanda ya zo daga birni ya ce zai tara musu "sharar gona" bai san ƙasar ba, babu shara a can. Matsalarsu ita ce gona da murhu suna rigima a kan abu ɗaya. Karan da aka ƙone a murhu bai ruɓe a gona ba, kandilon da aka ƙone bai zama taki ba, ƙasa kuwa sai ƙara tsufa take, ga takin zamani ya yi tsada. Ramin bayogas shi ne ke raba wannan gardama, don kashi ɗaya zai ba ka wuta, sa'an nan ya dawo maka da takin da za ka kai gonar albasa a bakin fadama.

To mu fa, mutanen Zango, da ba mu da garke a tsakar gida? A nan ne nake ganin mun fi kowa sa'a, ba mu dai lura ba ne. Ka'idar ita ce a gina rami a inda datti ke taruwa da ƙafarsa, ba sai an bi shi daji da kwando ba. Ina ne irin waɗannan wurare a garuruwanmu? Mayanka, da kasuwar shanu, da masai na unguwa, da makarantar kwana. Su wa ke riƙe da biyun farko tun kaka da kakanni? Mahautanmu da dillalanmu. Tun zamanin da ayarin goro ke sauka a Salaga, kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar, fawa da fataucin dabbobi na cikin sana'o'in da aka san Bahaushe da su a wannan ƙasa, kuma har gobe akwai Sarkin Fawa mai faɗa a ji.

Mu sake ɗauko alli. Saniya ɗaya in an yanka, abin da ake zazzagewa daga tumbinta yakan kai kilo 20 ko fiye, kuma ya zo da halittun da ake bukata a cikinsa, ba sai an nemo ba. A ce mayanka na yanka shanu 10 a rana, ban da awaki da tumaki. Kilo 200 ke nan. In muka auna da ma'aunin kashin shanu, iska wajen lita 8,000 ce, wadda za ta riƙe murhu ɗaya fiye da awa 20, ko murhu biyar na awa huɗu-huɗu. Ruwan damawa kuwa ga shi nan, wanda ake wanke dandamali da kayan ciki da shi, wanda yanzu ke gangarawa kwata yana tara ƙuda da angulu. Ba wanda zai yi tafiyar ko taku hamsin da kaya a ka.

Me za a yi da wutar? Ba sai an je da nisa ba. Kowa ya san yadda ake babbake kai da ƙafa da fatar ganda, wadda 'yan kudu ke kira wele, a mayankunanmu da yawa: da tsofaffin tayoyin mota. Baƙin hayaƙin nan da ke tashi da safe yaranmu matasa ne ke tsaye a cikinsa, kuma abin da taya ke fitarwa yana maƙalewa a naman da za mu ci. Jami'an lafiya sun sha yin gargaɗi a kai. Mahauci ba don mugunta yake yi ba, taya ce mai araha. In aka ba shi wuta mai tsabta wadda ta fito daga dattin da shi da kansa ya zubar, ba ya bukatar wa'azi. Abin da ya ragu a tafasa ruwa da shi, ko a ja bututu zuwa rumfar masu abinci da ke maƙwabtaka, su riƙa biyan wani abu ƙasa da kuɗin gawayi. Takin kuma masu lambu za su saya.

Na san akwai mai cewa, Malam, ina hukuncin girki da abin da ya fito daga kashi? Tambaya ce mai kyau, kuma ƙin amsa ta na cikin abin da ya jawo wa Appolonia cikas. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya da akuya, mai tsarki ne muddin ba ƙazanta take ci ba. Don haka ramin mayanka da na kasuwar shanu ba su da wata matsala. Na masai kuwa, wannan fagen malamanmu ne, a kai musu su duba, a kuma yi musu bayanin yadda abin ke aiki kafin a nemi fatawa, kada a gina sa'an nan a zo ana neman baki. Ko da an ƙi girki da ita, ana iya kunna fitila ko tayar da injin lantarki. A Ashaiman, garin da 'yan'uwanmu suke da yawa, kamfanin Safisana yana tattara dattin masai da ruɓaɓɓen kayan kasuwa, tun 2017 yake samar da lantarki yana turawa a layin ƙasa, yana kuma sayar da taki. A Ruwanda gidajen yari ne suka yi suna da wannan, har aikin ya ci lambar yabo ta Ashden a 2005, don ya rage itacen da ake dafa wa fursunoni abinci da shi ƙwarai. Duk shugaban makarantar kwana da ya san abin da itace ke ci a kasafinsa, ya kuma san abin da motar kwasar masai ke karɓa, ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Busasshen datti kuwa hanyarsa daban, kada a zuba shi a rami, toshewa zai yi. Shinkafar da ake nomawa a kwarin Katanga kusa da Salaga, da fadamun ƙasar Dagwamba, kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne. Buhu biyar, nauyin buhu ɗaya ya tafi juji. Ɓuntu ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta son sa, sai a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana turnuƙe unguwa, alhali matan da ke turara shinkafar suna can gefe suna sayen itace. Akwai murhun ƙarfe mai cin ɓuntu kai tsaye, wanda maƙerin da ya iya walda zai iya ƙerawa in ya ga samfuri. Ana kuma iya babbaka ɓuntu ko ɓawon gyaɗa ko totuwar masara a cikin durom mai 'yan huji har su yi baƙi ba su zama toka ba, a daka, a kwaɓa da kunun sitacin rogo, a cura a shanya. Masu yin gari suna zubar da ruwan sitaci kullum. Gaskiyar magana, wannan curin gawayi ya fi na itace toka, yana da nawar kamawa, kuma ba ya shiri da damina. In bai fi gawayi araha ba, ba wadda za ta saya don kishin daji, kuma ban ga laifinta ba.

Matan Yendi masu man kaɗe ba su jira kowa ba. Tun da daɗewa wasunsu kan tara baƙin tukuɗin da ke saura bayan an kwashe mai, su cura shi su shanya, su mayar da shi ƙarƙashin tukunya, kuma yana ci sosai don akwai sauran maiƙo a jikinsa. Aikin kaɗe na cin itace tun daga dafa 'ya'yan har suya da tafasa man, don haka duk curin da aka ƙona reshen kaɗanya ne aka bari a raye. Abin da suke bukata shi ne wurin shanya mai rufi da murhu mai riƙe zafi, ba taron bita a otal ba.

Bambaron shinkafa da ake cinna wa wuta a fadama shi ma asara ce, kuma ta nan gobarar daji kan tashi ta cinye gonar wanda bai gama yanka ba. Dattawanmu ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da gobara suka haɗu suka jefa ƙasar nan cikin yunwa. Dokar hana ƙona daji tana nan tun 1990. Da za a ɗaure bambaron nan a kai wa masu kiwon turke, da ya zama abincin shanu da rani, shanun kuma su ba da abin zubawa a rami.

Saura batun kuɗi da riƙo. Akwai Dokar Makamashi Mai Sabuntuwa ta 2011, akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, wanda tsabtar unguwanni na cikin abin da aka ɗora masa, ga kuma majalisun gundumomi da ke karɓar kuɗin shiga a mayanka da kasuwa kowace rana. Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa ke nan. Amma ina roƙon shugabanninmu, kada a karɓi ramin da za a ce na kowa da kowa ne. A rubuta a takarda cewa na ƙungiyar mahauta ne, Sarkin Fawa ke da alhakinsa, a ɗauki yaro ɗaya ko biyu aikinsu ke nan, a riƙa biyan su daga kuɗin iska da na taki. A sa maginin gari ya tsaya tare da wanda zai gina tun daga tushe, don ranar da rufi ya tsage kada a ce sai an jira wani daga Ankara. A kuma ja kunnen kowa: ba a shiga cikin ramin nan don gyara sai an kwashe shi an bar shi a buɗe ya sha iska, da igiya a ƙugu da mutum a waje, domin iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu.

Kafin a rubuta wa kowa takardar neman taimako, akwai aikin da ba ya cin ko sisi. A sami bokiti ɗaya da aka san nauyin cikinsa, a ba ɗalibai biyu littafi, su je mayanka kowace safiya har kwana 14, da ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, su rubuta dabba nawa aka yanka, bokiti nawa na dattin tumbi aka zubar, jarka nawa ta ruwa aka yi wanki da ita, taya nawa aka ƙone. A maimaita da rani, lokacin da ruwa ke wuya. Da wannan littafi ne magini zai san girman ramin da zai haƙa, kuma shi za a ajiye a gaban jami'in gunduma. Malaman Salaga da Yendi da Bawku da suka yi wannan awo, su aiko wa edita da abin da suka samu, za mu buga shi a wannan fili gari da gari.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.